Kayan Sauti A Kan Wutar Sola: Tsabtar Wuta Ta Fi Yawanta

 

Tun lokacin da muka yi bayani a kan fitilun sola, saƙonni suke ta shigo mana daga Nima da Sabon Zango na Akara, da Aboabo da Asawase a Kumasi, har da Tamale da Bawku, kuma da yawa daga cikinsu sun karkata ne wuri guda, watau kayan sauti. Wani ya koka cewa fitila na ci, fanka na juyawa, amma da ya jona amfilifaya sai lasifika ta riƙa kuka kamar ƙudan zuma sun yi gida a cikinta. Wani kuma inbatarsa ce take ɗaukewa da zarar ya danna makunni. Na uku batirinsa bai cika shekara ba ya daina riƙe caji. Dukkansu sun kashe kuɗi masu yawa, kuma dukkansu shawara ɗaya aka ba su a kasuwa, wai su ƙaro faranti, su sayi inbata mafi girma.

To, abin da za mu yi bayani a kai a wannan wata shi ne, wannan shawara ba kasafai take warkar da ciwon ba. Kayan sauti na gida ba su da cin wuta kamar yadda ake zato. Tsabtatacciyar wuta suke bukata, tare da lissafi na gaskiya.

Kowa ya san abin da ya tura mu ga rana. Tun da aka kammala madatsar ruwan Akosombo a 1965, duk lokacin da ruwan tafkin Volta ya ja baya sai an shiga rabon wuta, kamar yadda aka yi a 1983 zuwa 1984, da 1998, da kuma 2006 zuwa 2007. Daga 2012 zuwa 2016 kuwa aka sha dumsor, har a 2015 wasu unguwanni suka riƙa yin awa 24 cikin duhu kafin a ba su awa 12. A irin waɗannan shekaru ne kayan mutane da dama suka ƙone, domin wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa ta fi ɗaukewar ɓarna. Saboda haka mai kayan sauti na kirki, musamman wanda ya gaji kasa-kasan tafsiri na malaman da suka riga mu gidan gaskiya, ko faya-fayan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da E.T. Mensah, yana da dalilin da zai nemi wutar da yake da iko a kanta.

INBATA IRI BIYU CE

Wutar da faranti ke kamowa daga rana, wadda batir ke ajiyewa, miƙaƙƙiya ce, hanya ɗaya take bi, ita ake rubutawa DC. Wutar kamfani kuwa, ta ECG a kudu ko ta NEDCo a arewa, kai da komowa take yi sau 50 a cikin kowace daƙiƙa a kan bolt 230, ita ake rubutawa AC. Aikin inbata shi ne ta mayar da ta farko ta koma ta biyu. A nan ne gizo ke saƙar, domin ba kowace inbata ce take yin wannan aiki yadda ya kamata ba.

Wutar kamfani tana hawa da sauka ne a hankali, tamkar lilo. Inbata ta ƙwarai, wadda 'yan kasuwa ke kira fiyo-sayin, tana kwaikwayon wannan lilo sosai da sosai. Mai araha kuwa, wadda suke kira modifayid, tsalle take yi daga sifili zuwa ƙololuwa, ta tsaya, ta faɗo, ta sake yin tsalle ta ɗaya ɓangaren, kamar mai hawa matakala da gudu. Kowane tsalle yana haifar da wasu ƙananan igiyoyi masu sauri, na 150 da 250 da 350 a daƙiƙa har zuwa sama, kuma duk waɗannan suna cikin abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Kwan fitila da dutsen guga ba ruwansu da wannan. Amfilifaya kuwa aikinta ke nan ta ɗauki ƙaramin abu ta girmama shi, don haka ƙazantar da ta kutsa cikinta sai ta fito ta lasifika. Daɗin daɗawa, taransifomar da ke cikin amfilifayar tana ɗaukar zafi fiye da kima a kan irin wannan wuta, tana kuma yin gurnani, wanda hakan ke rage mata kwana.

Ke nan wanda ya canza modifayid mai wat 1000 da modifayid mai wat 3000 bai yi komai ba illa sayen babbar matsala a madadin ƙarama. Araha ba ta ado. Ƙaramar fiyo-sayin mai wat 600 ta fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Da yake ba duk abin da aka rubuta a jikin kwali ne gaskiya ba, ga yadda za ka gwada kafin ka biya. Ka nemi a jona fankar tebur a jikin inbatar. In fankar ta juya shiru kamar yadda take yi a wutar kamfani, alama ce mai kyau. In ta riƙa gunji tana juyawa da ƙyar, to ka ajiye kuɗinka. Haka nan ƙaramin ma'aunin wuta irin na masu gyaran rediyo yakan nuna ƙasa da bolt 230 sosai a kan modifayid, sau da yawa wajen 180 zuwa 200. A cikin takardar inbata ta ƙwarai za ka ga haruffan THD, watau ma'aunin gurɓatar igiya, kuma lambar da ke gabansu ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Mafi kyau duka, ka ɗauki amfilifayarka da lasifika ɗaya ka kai shagon. Gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne alƙali.

NAWA KAYANKA KE CI?

Da yawa daga cikinmu lambar da aka manna a gaban kaya da manyan haruffa ce take ruɗa mu, irin su 2000 W ko 5000 W, tare da haruffan PMPO. Wannan lamba ta talla ce kawai, babu wata ƙa'ida da kamfanoni suka yarda da ita wajen auna ta. Lambar da ake dogara da ita wajen ƙarfin sauti ita ce mai haruffan RMS. Wajen cin wuta kuwa, sai ka juya bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ta shiga, za ka ga ɗan rubutu da ya faɗi iyakar abin da take ja. Sau tari abin da aka rubuta wa dubbai a gaba, a baya ba ya wuce wat 100 ko 200.

Ko wannan ta bayan ma iyaka ce, sai an ƙure murya ake kusantarta. Lasifikar gida ta sosai takan ba da sauti mai ƙarfin desibel 86 zuwa 90 da wat ɗaya tak, in ka tsaya mita ɗaya daga gabanta, kuma wannan ya isa ya hana mutum biyu jin maganar juna cikin daɗi. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kamar sau goma kunne ke jin sautin ya ninka. Saboda haka a zaman falo na yau da kullum 'yan wat kaɗan ne ke isa lasifika.

Sauran wutar ina take tafiya? Zafi take zama, kuma wannan ya danganta da ajin amfilifayar. Mai aji A da mai kwalba irin ta zamanin da suna jan wutarsu cikakkiya ko ana kiɗa ko ba a yi, shi ya sa ba sa shiri da batir. Mai aji AB, wadda ita ce mafi yawan tsofaffin Pioneer da Sansui da Kenwood da Technics da ke gidajenmu, takan zubar da wajen rabin abin da ta ja ko fiye. Mai aji D kuwa, wadda ita ce ke cikin akasarin sababbin kaya, tana iya mayar da kusan kashi 90 cikin 100 ya zama sauti idan tana aiki sosai.

Bari mu yi misali. A ce amfilifayarka tana jan wat 45 a matsakaicin sauti, na'urar kaset ko ta faifai tana jan 15, jimla wat 60 ke nan. In kana saurare awa 5 a dare, 60 sau 5 ya ba da 300, watau wat-awa 300. Inbata kan ci ladanta, kamar kashi 15 cikin 100, don haka abin da zai fita daga batir ya kai wajen 350. Wannan shi ne dukkan bukatarka, kuma da ita za ka auna komai.

Girman inbata kuma da lambar bayan na'ura ake auna shi, a ninka ta sau biyu ko uku. Dalili kuwa shi ne, a daidai lokacin da ka danna makunni, taransifoma da manyan kwandansa na cikin amfilifaya suna zuƙar wuta ninkin-ba-ninkin na ɗan ƙiftawar ido, musamman taransifoma mai siffar zobe. Inbatar da ba ta da sarari sai ta ɗauka gobara ce ta kashe kanta. Wannan ita ce amsar mai tambaya na biyu. In bayan na'urarka ya ce wat 250, inbata mai wat 600 zuwa 800 ta wadatar. A lura kuma, VA da wat ba ɗaya ba ne: inbata mai VA 1000 yawanci wat 800 take ɗauka.

Kada kuma a wuce gona da iri. Babbar inbata ta gida mai kVA 3 ko 5 tana iya cin wat 40 ko fiye ita kaɗai, ko ba a jona mata komai ba. In ta kwana ta wuni a kunne, 40 sau 24 ya ba da 960, kusan ninki uku na abin da kayan sautin suka ci. Wanda ke da irin wannan babbar inbata don hidimar gida babu laifi ya jona kayansa a kanta muddin fiyo-sayin ce. Amma wanda zai saya don kayan sauti kaɗai, ƙarama ta fi masa. Wasu inbatoci kuma suna da tsarin tsimin wuta da ke sa su yin gyangyaɗi idan abin da aka jona bai da nauyi, su riƙa farkawa suna komawa. In ka ji kayanka na ɗaukewa suna dawowa a ƙaramin sauti, ka kashe wannan tsari.

BATIR DA FARANTI

Batir mai bolt 12 da Ah 100 yana ɗauke da wat-awa 1200 a lissafi. Amma in na dalma ne, ko mai ruwa ko busasshe, rabi kawai ya kamata a riƙa cirewa, watau 600. Wanda ke tatse shi kullum har inbata ta yi ƙara ta mutu, shi ne mai tambayarmu na uku, kuma ko wane iri ya saya haka zai ƙare. Da misalinmu na 350, irin wannan batir zai ba ka dare ɗaya da rara, amma ba zai kai dare biyu ba in rana ba ta fito ba.

Batirin mota bai dace da wannan aiki ba sam. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu don tayar da inji, sa'an nan a cika shi nan take. In aka mayar da shi na sola, 'yan watanni zai yi. Sai a nemi wanda aka yi don sauke caji a hankali.

Batirin litiyam mai alamar LiFePO4 ya fi tsada a ranar saye, amma ana iya cire kashi 80 cikin 100 ko fiye na abin da ke cikinsa, watau sama da wat-awa 1000 daga mai Ah 100, kuma yana jure caji da saukewa dubbai, alhali na dalma ɗaruruwa yake yi. In aka raba kuɗin a kan shekaru, sau da yawa shi ne mai sauƙi. Sai dai a tabbata yana da na'urar tsaronsa a ciki, mai haruffan BMS, kuma kwanturolar caji ta san irinsa.

Zafi ma maƙiyin batir ne. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kwanan batirin dalma da kusan rabi. 'Yan'uwanmu na Tamale da Bolgatanga da Wa, inda zafin watan Maris da Afrilu ke haura digiri 40, su kula da wannan: a ajiye batir a ɗaki mai iska, nesa da kwanon rufi.

Game da faranti, a mafi yawan ƙasar nan ana samun abin da ya kai awa 4 da rabi zuwa 5 da rabi na cikakkiyar rana a kowace rana, arewa ta fi kudu. Faranti mai wat 200 sau awa 4 da rabi ya ba da 900, a cire kashi 30 cikin 100 na asarar zafi da waya da caji, saura 630. Wannan ya rufe 350 ɗinmu har da rarar da za ta taimaka a watannin Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da gajimare ke rufe Kumasi da bakin teku. A kafa shi yana kallon kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Da hunturu kuwa ƙura ce ke cinye wuta, sai a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi.

DAGA INA ƘARAR TAKE FITOWA?

Kafin ka kira mai gyara ko ka koma kasuwa, ga hanyar da za ka bi da kanka, don kowace ƙara tana da mafari.

Da farko ka cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ka bar ta da lasifika kawai, ka saurara a wutar kamfani, sa'an nan a wutar inbata. In ta yi shiru a ta kamfani amma ta yi kuka mai kaifi a ta inbata, laifin inbata ne. In tana gurnani a duka biyun, ciwon na cikinta ne, galibi kwandansa ne suka tsufa, sai mai gyara.

Na biyu, in ƙarar da rana take zuwa, dare ya yi ta ɓace, to kwanturolar caji ce. Mai haruffan PWM tana yanka wutar faranti tana sakewa da saurin da kunne ke iya ji, musamman idan batir ya kusa cika. Mai haruffan MPPT saurinta ya wuce jin kunne, kuma tana fitar da caji fiye da waccan, sai dai marar kyau daga cikinta takan dami rediyo. Masu sauraren sassan Hausa na gidajen rediyon waje a gajeren zango su nisanta rediyo da eriyarsa daga kwanturola da inbata, ko da taku huɗu ne ko biyar.

Na uku, in ƙas-ƙas kake ji jefi-jefi, ka kula ko ya yi daidai da tashin firji ko injin jan ruwa. Maganinsa a raba musu layi.

Na huɗu, in gurnani mai kauri yana tasowa ne kawai idan ka haɗa talabijin ko akwatin tauraron ɗan Adam, to wayoyin ƙasa ne suka yi zobe, watau na'urori biyu sun sami hanyar ƙasa ta wurare daban-daban. Ka jona dukkan kayan a soket guda mai baki da yawa. In bai daina ba, akwai ɗan ƙaramin abin raba layin sauti mai taransifoma a ciki, masu haɗa rediyon mota sun san shi.

Na biyar, in daga wayar hannu kake sako karatu ko waƙa, ka zare cajarta ka ji. Caja mai araha ta sha jawo wa inbata zagin da ba ta ci ba. Har ila yau kada wayar sauti ta kwanta jikin wayar wuta, in dole su haɗu to su gitta juna.

KAYAN DA AKA AIKO DAGA WAJE

Kusan kowane gida a zango yana da ɗa ko ƙane a Bronx ta birnin New York, ko Jamus, ko Ingila, kuma kayan sauti na cikin tsarabar da ake sakowa a kwantena. Na Ingila da Jamus ba su da matsala, bolt 230 ne da bugu 50 irin namu, na Ingila ma har bakin fuloginsu ɗaya da namu. Na Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ne da bugu 60, na Japan bolt 100. Wanda ya cusa irin waɗannan a inbata mai 230 ba tare da taransifomar rage wuta ba, hayaƙi zai gani. A duba baya tukuna, domin wasu suna da ɗan makunnin zaɓen bolt, wasu sababbi kuma an rubuta musu 100 zuwa 240, waɗannan suna cin kowace.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, taransifoma bolt kawai take ragewa, ba ta canza bugu. Garmahon da motarsa ke bin bugun wuta, in an yi shi don 60 aka sa shi a 50, zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti sai ya koma ƙasa da 28, ka ji muryar mawaƙi ta yi kauri kamar wanda bai gama farkawa ba. Garmaho mai sarrafa gudunsa da kansa, irin Technics SL-1200, da mafi yawan na'urorin kaset, wannan bai shafe su ba.

HANYAR DA BA TA BUKATAR INBATA

Ga wanda bai riga ya sayi kaya ba, akwai gajeriyar hanya. Kowace amfilifaya a cikinta da miƙaƙƙiyar wuta take aiki. Watau muna ɗaukar wutar batir, mu juya ta da inbata, amfilifaya kuma ta sake juya ta ta koma yadda take, kowane juyi da asararsa da ƙazantarsa. Amfilifayar mota da rediyon mota kai tsaye suke cin bolt 12. Haka nan akwai ƙananan amfilifayoyi masu aji D, da yawansu an gina su a kan ƙwayar TPA3116 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ke aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. A kan batir mai bolt 12 takan ba da wajen wat 15 ga kowace lasifika mai om 4, kuma bisa lissafin da muka yi a baya wannan ya ishi falo har ya yi yawa. Batir shi ne wuta mafi tsabta da za ka samu, ga shi abin da zai fita daga cikinsa a dare bai kai rabin na hanyar inbata ba.

Sai dai a kiyaye abu uku. Batirin da ake kira mai bolt 12 yakan hau har 14.4 lokacin caji, don haka na'urar da ke son 12 daidai tana bukatar ɗan abin daidaita wuta a tsakani. Batura biyu da aka jera suka zama 24 sukan kai 28.8, wanda ya wuce abin da waccan ƙwaya ke ɗauka. Sa'an nan ja da baƙi ba a musanya su, kuskure ɗaya ya isa ya kashe na'ura.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kada ƙarancin bolt ya sa a raina batir. Inbata mai wat 600 tana jan amfiya 50 ko fiye daga batir mai bolt 12, kuma siririyar waya a nan gobara ce. A sa mai kauri, kamar milimita 16, gajeriya, da fis a kan jar waya dab da kan batir. Batir mai ruwa yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji, don haka ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki, ba a kuma kusantarsa da sigari ko kurfoti. Tataccen ruwa ake ƙara masa, ban da na famfo ko na leda.

Kada a karya dogon ƙarfen fulogi, watau na ƙasa, wai don a kashe gurnani. Shi ne ke tsakaninka da mutuwa ranar da waya ta taɓa jikin na'ura. A kafa ƙarfen ƙasa na sosai, a sa abin kare tsawa a layin faranti, domin damina a nan ba ta wasa. Wanda zai haɗa inbata da wayoyin gida dole ya sa makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan turakun kamfani ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011 ta tanadi cewa mai takardar shaidar Hukumar Makamashi ne zai yi irin wannan aiki, kuma ka nemi ganin takardar ba rashin kunya ba ne. A kuma sani cewa inbata mai haɗe da caja, idan akwai wutar kamfani, yawanci wuce da ita kawai take yi yadda ta zo, don haka abin kare hawan wuta yana nan da amfaninsa.

Wajen kunnawa, amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, kuma a rage murya kafin duka biyun. Mataccen batir kuma a mayar wa masu saye, kada a fasa shi a tsakar gida, domin dalma guba ce, ta fi kuma illa ga ƙwaƙwalwar yara.

Daga ƙarshe, akwai abin da ba ya cikin lissafin wat. A da ɗaukewar wuta ce ke raba gardama tsakanin mai kiɗa da maƙwabcinsa. Yanzu da mutum ke da wutar kansa, babu mai kashe masa sai tunaninsa. Gidajenmu na haya ne, bango ɗaya ya raba ka da tsoho marar lafiya, da mai jego, da ɗalibi mai jarrabawa, ga kuma lokutan salla. Mazauna Akara sun san watan da masarautar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, kuma mutunta wannan na cikin zaman lafiyarmu da masu masaukinmu. Kunnenka ma yana da hakki a kanka, domin masana lafiya sun nuna cewa daɗewa cikin sautin da ya kai desibel 85 na tsawon awa 8 a kullum yana rage ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. In wuta ta yi tsabta, za ka tarar ba ka bukatar ƙure murya kafin ka ji kowane harafi na mai karatu da kowane bugu na kalangu.

Saboda haka kafin ka sake kai sidi ɗinka kasuwa, ka juya bayan na'urarka ka karanta, ka yi lissafinka a takarda, ka gwada inbata da kunnenka. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba lasifikokin masallatai da makarantun Islamiyya, da yadda za a haɗa su da sola ba tare da kiran sallar asuba ya yanke ba. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta hannun edita, tare da faɗin abin da aka rubuta a bayan na'ura da jikin inbata, don amsa ta zo daidai.